Ibnun Nafis, Malamin Fiƙihun Da Ya Gano Hanyar Jini Tsakanin Zuciya Da Huhu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci ɗan Adam ya kyautata halittarsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya malamanmu, iyayenmu da 'yan'uwa ɗalibai, a wannan ɗan littafi namu na bana mun zaɓi mu kawo tarihin wani malami wanda ya haɗa fiƙihu da likitanci. Dalilinmu shi ne, kusan kowa a cikinmu nan Zongo ya san wani mai hawan jini, wanda mutanenmu suke kira tansiyo, ko a gidansu ko a maƙwabta. Mun sha jin an ce wane ya yi sallar asuba lafiya lau, kafin hantsi ya dafe ƙirji ya faɗi, sai jana'iza. In haka ta faru sai zance ya rabu, wasu su ce jifa ne, wasu su ce iska ce. Dukanmu mun haddace hadisi na shida a cikin Arba'una, wanda ya ambaci zuciya a matsayin tsokar da gyaruwar jiki ke rataye da ita, kuma malamai sun yi mana bayanin cututtukanta irin su hassada da girman kai da riya. To, ita tsokar kanta fa, yaya take aiki, kuma me yake lalata ta? Wannan bawan Allah yana cikin waɗanda suka fara amsa tambayar daidai.

Sunansa da tasowarsa

Sunansa Ala'uddin Abul Hasan Aliyu ɗan Abil Hazmi Al-Ƙarshi, amma an fi saninsa da Ibnun Nafis. An haife shi a ƙasar Sham, kusa da birnin Dimashƙa, wajen shekara ta 607 bayan Hijira, wato kusan 1210 Miladiyya. Ya yi karatu irin wanda muka sani: Alƙur'ani, hadisi, nahawu, lugga da manɗiƙi. Mu a nan muna bin Malikiyya, daga Ahalari zuwa Ishmawi zuwa Iziyya zuwa Risala, shi kuwa fiƙihun Shafi'iyya ya karanta har ya zama gwani a cikinsa.

A Dimashƙa akwai wani babban asibiti da ake kira Bimaristan Nuri, wanda Sarki Nuruddin Zanki ya gina a 1154. A can ake jinyar marasa lafiya, a can kuma ake koyar da likitanci. Nan Ibnun Nafis ya zauna gaban babban likitan zamanin, Muhazzabuddin Ad-Dakhwar, wanda ya rasu a 1230. Ɗalibai sukan bi malaminsu zagayen majinyata, su ga yadda yake taɓa jijiya yana duba fitsari, sannan a koma a buɗe littafi. Shi wannan Dakhwar, kafin ya rasu, ya yi waƙafin gidansa ya zama makarantar koyon likitanci. Ku riƙe wannan, domin za mu ga ɗalibin ya bi sawun malaminsa.

Zamansa a Masar

Wajen 1236 ya koma Alƙahira. Ya yi aiki a asibitin Nasiri, wanda Salahuddin Al-Ayyubi ya kafa, sunansa ya yi ta ɗaukaka har aka naɗa shi shugaban likitoci. Marubuta tarihi sun ambata cewa shi ne likitan Sarki Baibaras, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277. Duk da wannan matsayi bai ajiye littattafan addini ba. Yana koyar da fiƙihu a makarantar Masruriyya a Alƙahira, kuma As-Subki ya sa sunansa a cikin littafinsa na tarihin malaman Shafi'iyya. Abu Hayyan, mai tafsirin Al-Bahrul Muhiɗ, yana cikin waɗanda suka zauna gabansa ɗaukar karatu.

Zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. A 1258 Tattar suka rushe Bagadaza, suka hallaka jama'a da littattafai. A 1260 rundunar Masar ta tare su a Ainu Jalut ta karya su. A cikin wannan hali ne Alƙahira ta zama mafakar malamai, shi kuma ya duƙufa ga rubutu. An ruwaito cewa in zai yi rubutu sai a fiƙe masa alƙaluma da yawa a ajiye, ya juya fuskarsa ga bango, ya yi ta zuba daga ka ba tare da duba littafi ba. In alƙalami ya dakushe sai ya yar ya ɗauki wani, don kada fiƙa ta katse masa tunani. An kuma ce wata rana yana tsakiyar wanka a gidan wankan gari sai ya fito, ya nemi takarda da tawada, ya rubuta risala guda a kan bugun jijiya, sannan ya koma ya ƙarasa wankansa.

Cikin littattafansa akwai Al-Mujaz, taƙaitaccen Al-Ƙanun na Ibnu Sina, wanda likitoci suka yi ɗaruruwan shekaru suna karantawa suna yi masa sharhi. Akwai Al-Muhazzab a kan ciwon ido. Akwai Ash-Shamil, wanda ya yi niyyar ya kai mujalladi 300, ya samu ya kammala 80. Ya yi littafi a kan usulul hadisi, ya kuma yi Ar-Risalatul Kamiliyya a kan sirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma littafin da ya sa muke maganarsa yau shi ne Sharhu Tashrihil Ƙanun, sharhin da ya yi wa babukan Ibnu Sina masu bayanin sassan jiki. Ya gama shi wajen 1242, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai.

Abin da ya tarar, da abin da ya gyara

Kafin zamaninsa, sama da shekara dubu, likitoci suna kan maganar Jalinus, babban likitan Yunanawa da ya rayu a ƙarni na 2 Miladiyya. Jalinus ya ce jini yana shiga ɓangaren dama na zuciya, sannan ya tsallaka zuwa ɓangaren hagu ta wasu ƙananan huduji da ido ba ya gani a jikin bangon da ya raba su. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya karɓi wannan magana. Wa ya isa ya ja da waɗannan biyu?

Ibnun Nafis ya ja, kuma ya ja da ladabi da hujja. A farkon littafin ya bayyana cewa shari'a da tausayi sun hana shi feɗe gawa, saboda haka wajen siffar gaɓoɓin ciki zai dogara da abin da magabata suka rubuta. Amma wajen aikin kowace gaɓa, ya ce zai bi abin da bincike na gaskiya ya tabbatar, ko ya dace da na magabata ko ya saɓa.

Abu na farko da ya gyara shi ne maganar bangon. Ya nuna cewa bango ne mai kauri, babu huji a jikinsa, na bayyane ko na ɓoye. To, ta ina jinin yake bi? Ya ce daga ɓangaren dama jini yana bin wata babbar jijiya zuwa huhu, ya bazu a cikinsa ya gauraya da iska, sannan ya dawo ta wata jijiyar zuwa ɓangaren hagu. Har ya yi hasashen cewa lallai akwai ƙananan mahaɗai a cikin huhu tsakanin jijiyoyin biyu.

Na biyu, Ibnu Sina ya ce manyan ɗakunan zuciya na ƙasa uku ne, shi ya ce biyu ne, kuma haka abin yake.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar mu. Ana tsammanin zuciya tana cin abincinta daga jinin da ke kwance a ɗakinta na dama. Shi ya ce a'a, abincinta yana zuwa ne ta jijiyoyin da suka ratsa jikinta. Ku kwatanta da mai tallan ruwa a kura: duk yini yana tura duro cike da ruwa zuwa gidajen mutane, amma ruwan da zai sha yana cikin 'yar gorarsa. In gorar ta toshe, ƙishirwa za ta kayar da shi alhali ga ruwa a gabansa. Haka zuciya take.

Ƙarshen rayuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa Sarki Ƙalawun ya gina asibitin Mansuri a Alƙahira, wajen 1284. An ce shi wannan sarki, tun yana kwamandan yaƙi, ya taɓa yin ciwon ciki a Sham aka yi masa magani daga asibitin Nuri, sai ya yi alwashin gina irinsa in Allah ya ba shi mulki. Ibnun Nafis bai yi aure ba. Ya gina gida mai kyau a Alƙahira inda malamai da likitoci da ɗalibai suke taruwa, sai ya yi waƙafin gidan da littattafansa ga wannan sabon asibiti, kamar yadda malaminsa ya yi a Dimashƙa.

Da ciwon ajali ya kama shi, wasu abokansa likitoci suka ba shi shawarar ya ɗan kurɓi giya a matsayin magani. Ya ƙi, domin ba ya son ya gamu da Ubangijinsa da giya a cikinsa. Ya rasu ranar 21 ga Zulƙi'ida 687, daidai da 17 ga Disamba 1288, yana da kimanin shekara 80. Allah ya jiƙansa da rahama.

Bayan rasuwarsa

A Turai, Mika'il Sarbetus ya rubuta bayanin tafiyar jini ta huhu a 1553, Kolombo na Italiya ya rubuta a 1559. A 1628 likitan Ingila Wiliyam Habi ya bayyana cikakken zagayen jini a jiki gaba ɗaya, abin da Ibnun Nafis bai kai gare shi ba. A 1661 Malfigi ya ga ƙananan mahaɗan nan na huhu da madubin ƙara girma, sama da shekara 400 bayan an yi hasashensu a Alƙahira. Sunan Ibnun Nafis kuwa ya ɓace a wannan babi, sai a 1924 wani ɗalibin likitanci ɗan Masar, Muhyiddin At-Taɗawi, ya ci karo da kwafin sharhin a ɗakin karatu na Balin a Jamus, ya rubuta kundin digirinsa a kansa. Kun ga, ɗalibin da ya iya Larabci ne ya dawo wa malamin da haƙƙinsa.

Ciwon zuciya da sabubbansa

Yau an san cewa zuciya tsoka ce kamar girman dunƙulen hannun mai ita, tana da ɗakuna huɗu da ƙyamare huɗu masu hana jini komawa baya, kuma tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 17.9 ne suka mutu sakamakon cututtukan zuciya da jijiyoyin jini, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan mace-macen duniya. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, irin namu. Don haka maganar da ake yi cewa ciwon masu kuɗi ne ko na Turawa ba ta da tushe.

Sababi na farko shi ne toshewar waɗancan jijiyoyi masu ciyar da zuciya. Kitse yana taruwa a jikin bangonsu kaɗan-kaɗan, hanya tana ƙuntata, har wata rana gudan jini ya toshe ta. Sashen tsokar da ya rasa jini sai ya fara mutuwa. Alamarsa nauyi ko matsi a ƙirji wanda kan tafi hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, da gumi da haki. In irin wannan toshewa ta faru a ƙwaƙwalwa, ko jijiya ta fashe a can, shi ne shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Abubuwan da ke gaggauta wannan su ne taba sigari da shisha, ciwon suga, yawan ƙiba, yawan maiƙo da zaƙi, giya, da rashin motsa jiki. Gado ma yana da nasa kaso. Abin da ya kamata mu matasa mu ji da kyau shi ne, likitoci sun tabbatar wannan tarin kitse yana iya farawa tun ana samari da 'yammata. Sigarin da yaro ya fara ja a wajen shan shayi yana ɗan sha shida, a shekara arba'in ko hamsin ake kawo masa lissafinta.

Na biyu hawan jini. In awo ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko sama, an shiga cikinsa. Mugun halinsa shi ne yakan zauna shekaru ba ciwon kai ba jiri, yana wahalar da zuciya da ƙoda a ɓoye. Ba a gane shi sai da awo. Gishiri yana cikin manyan masu tayar da shi. Hukumar Lafiya ta ce babba kada ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin magi, da yajin tsire, da kilishi, da burodi. Daddawarmu, wadda maƙwabtanmu suke kira sumbala, da albasa da tafarnuwa suna iya ɗaukar rabin aikin da muke ɗora wa magi.

Na uku ya fi kama yara irinmu da ƙannenmu, musamman daga shekara 5 zuwa 15. Yana farawa da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi wanda wata ƙwayar cuta ke kawowa. In ba a yi magani ba, bayan 'yan makonni gaɓoɓi su kama ciwo su kumbura, garkuwar jiki ta juya ta riƙa cin ƙyamaren zuciya. Yaro ya girma yana haki, ba ya iya ƙwallo, yarinya kuma abin ya tashi mata lokacin goyon ciki. Maganin fenisilin, in ma'aikacin lafiya ya rubuta shi da wuri, yana tare wannan hanya tun daga bakin ƙofa. Cunkoso a ɗaki ɗaya yana taimaka wa ƙwayar yaɗuwa, saboda haka makarantu masu ɗaliban kwana su lura.

Na huɗu ya shafi iyayenmu mata. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun yi nazari a kan gazawar zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, wadda suka ga tana da yawa a ƙasar Hausa. Sun danganta yawanta da shan kunun kanwa mai yawa, domin kanwa 'yar'uwar gishiri ce wajen tara ruwa a jiki, tare da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Iyayenmu don ƙauna suke yi wa mai jego hidima, wannan kowa ya sani. Abin da muke roƙo shi ne a sassauta kanwa, kuma in mai jego ta fara kumburin ƙafa, ko haki, ko ba ta iya kwanciya sai a jingine, a kai ta asibiti a ranar.

Abin da ke kanmu

Ya 'yan'uwa, ajali na hannun Allah, wannan aƙidarmu ce. Riƙo da sababi kuma shi ma addini ne, kuma malamai sun sa kare rai cikin manyan manufofin shari'a guda biyar. A ƙasar Hausa ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta littattafai a kan magani, har da na basir da na ciwon ido, yana riƙe da mulki da karantarwa. Ashe ɗalibin madarasa ba baƙo ba ne a wannan fage.

Ga abin da muke ganin za mu iya tun yanzu. Mu nisanci sigari da shisha, ko da aboki ne ya miƙo. Mu motsa jiki aƙalla awa guda a rana, kamar yadda Hukumar Lafiya ta shawarci masu shekarunmu. Wagadugu gari ne na babur, har aiken bakin titi sai an tayar da inji, alhali keke da ƙafa suna nan. Mu rage sukari a shayi da zoɓo. In ƙanenmu ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, mu gaya wa Inna a kai shi asibitin unguwa, kada a tsaya ga ƙwayoyin masu talla a faranti.

Game da iyayenmu, mu ne masu karanta musu takardar likita, mu ake aika kantin magani. Mu lallaɓa Baba da Inna su riƙa zuwa awon jini ko da suna jin garau. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kada ya daina don ya ji sauƙi, domin sauƙin aikin maganin ne. In azumi ya matso a je a tambayi likita yadda za a tsara lokutan sha. In kuwa wani ya dafe ƙirji yana gumi, ko bakinsa ya karkace, mu yi addu'a muna kan hanyar asibiti, domin kowane minti tsoka ce ke mutuwa. Asibitin Yalgado Wedirawogo yana da sashen zuciya, kuma a 2021 aka fara aikin buɗe zuciya a ƙasarmu a asibitin Tengandogo. Amma aiki irin wannan yana da tsada da wahala, rigakafi kuwa ya fi magani.

Muna roƙon hukumar makaranta, in hali ya yi, ta gayyato ma'aikacin lafiya ya yi mana darasi ya kuma auna jinin iyayenmu, ko da sau ɗaya a shekara. Ranar 29 ga Satumba ita ce ranar zuciya ta duniya, tana kuma zuwa daf da komawa karatu. Muna fata a cikin waɗanda ke karanta wannan, maza da mata, a sami wanda zai haɗa Risala da likitanci, ya dawo ya yi wa Zongo aiki.

Allah ya jiƙan Ibnun Nafis da malamansa. Allah ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya gyara zukatanmu ciki da waje, ya zaunar da ƙasarmu Burkina Faso lafiya. Amin. Allah shi ne mafi sani.